An Hana Masunci, An Bar Mai Allura

Tun shekarar 2008 doka ta hana masuntan jihar New Jersey ta Amurka kama kaguwar kofato don yin ƙoto da ita, wato abincin da ake sa wa tarkon kifi. Jihar Connecticut ta bi sahu a 2023, ta hana tsintar ta da hannu a bakin teku. South Carolina ta riga su duka, tun 1991. A sauran jihohin gabar gabas kuwa kullum ƙara tsuke wa masu wannan sana'a ake yi, har mai ido ya gane inda aka dosa: ƙoton da masunta suka gada daga iyayensu yana kan hanyar barin jirginsu gaba ɗaya. Ina goyon bayan wannan hani. Abin da ke damuna shi ne yadda aka raba nauyinsa, domin an tare ƙaramin mai ci, an bar babba, wato kamfanonin da ke zuƙar jinin kaguwar don gwajin magunguna, yana cin karensa ba babbaka.

Wanda bai taɓa ganin wannan halitta ba, ya ƙaddara ƙwarya ce aka kife a kan rairayi, mai launin ƙasa-ƙasa, da dogon wutsiya mai tsini a bayanta. Wutsiyar ba ta harbi, da ita take juya kanta idan igiyar ruwa ta birkice ta. Masana sun ce ta fi kusa da kunama da gizo-gizo fiye da kaguwar da muka sani, kuma danginta sun haura shekara miliyan 400 a duniya. Iri huɗu ne suka rage, ɗaya a gabar Amurka, uku a Asiya. Macen ta fi namijin girma, kuma sai ta yi kusan shekara 10 kafin ta fara ƙwai. A watannin Mayu da Yuni, daren da wata ya cika ko ya ɓuya, lokacin da ruwan teku ke tumbatsa, sai su fito dubbai zuwa gaɓa. Macen ta tona rami ta zuba ƙwai wajen 4,000 a zama ɗaya, ƙanana masu launin kore, namiji maƙale a bayanta, wasu mazan kewaye da ita. A kaka ɗaya tana iya zuba kusan 80,000. Babu inda suke taruwa a duniya kamar mashigin tekun Delaware, tsakanin jihar Delaware da New Jersey.

Wannan fitowar ce ta sa kama su ya fi komai sauƙi. Ba ka bukatar taru ko fatsa. Mutum ya zo da a-kori-kura bakin ruwa da dare, ya riƙa sunkuyawa yana ɗauka yana jefawa a baya har mota ta cika. A ƙarni na 19 da farkon na 20 haka aka riƙa kwasar miliyoyinsu ana shanyawa, ana niƙewa a yi takin gona da abincin dabbobi, har suka yi ƙaranci. Da takin zamani ya zo aka ƙyale su, suka farfaɗo. Sai kuma a shekarun 1990 kasuwar wasu halittun ruwa biyu ta buɗe a Asiya da Turai: dodon koɗin teku, da wani dogon kifi mai santsi da siffar maciji da ake kira il. Duka biyun da tarko ake kama su, kuma masunta sun daɗe da sanin ba abin da ke jawo su kamar naman kaguwar kofato. Mai tarkon il ya fi son mace mai ƙwai. Zai daskarar da ita a firiza, ya sare ta gida biyu ko huɗu, ya jefa yanki a kowane tarko. Wani kason il ɗin da aka kama ma ba ci ake yi ba, a raye ake sayar da shi ga masu fatsar nishaɗi su maƙala a ƙugiya don kama babban kifin teku mai zane a jiki. Kafin ƙarshen shekarun 1990 abin da ake kamawa a shekara ya haura miliyan 2.

Tsuntsu ne ya fara tona asirin ɓarnar. Akwai ɗan tsuntsun bakin teku mai jan ƙirji da ake kira red knot, wanda wasu daga cikinsa ke tasowa daga Tierra del Fuego, can ƙarshen kudancin Ajantina da Chile, su nufi yankin ƙanƙara na arewacin Kanada don yin sheƙa. Tafiyar ta kai kilomita 15,000, zuwa kawai. Yana isowa Delaware a watan Mayu a rame, ƙashin ƙirji a waje, kuma yana da kamar mako biyu ya ninka nauyinsa ya kai wajen giram 180, in ba haka ba ba zai kai ba, ko ya kai ya kasa haihuwa. Abin da ke ba shi wannan ƙiba cikin gaggawa shi ne ƙwan kaguwar kofato. Akwai guda da masu bincike suka sa wa zobe a ƙafa a Ajantina a 1995, mai lamba B95, aka ci gaba da ganinsa yana wannan zirga-zirga kusan shekara 20. Idan aka haɗa tafiyarsa ta wuce nisan duniya zuwa wata.

Ga wurin da mutane da yawa ba su lura ba, kuma shi ne ya sa na tsaya a bayan hanin. Bakin tsuntsun gajere ne, ba ya kai wa ƙwan da ke binne a rami. Abin da yake ci shi ne wanda ya fito sama, kuma ƙwai ba ya fitowa sama da yawa sai gaɓa ta cika maƙil, wannan mace ta zo tona raminta ta tone na wadda ta riga ta. Saboda haka masunci yana iya rantsuwa cewa kaguwa ba ta ƙare ba, ga ta nan yana gani, kuma gaskiya ya faɗa. Tsuntsun ma yana mutuwa da yunwa a gaɓar nan ɗin, domin shi cunkoso yake bukata. A shekarun 1980 ana ƙirga wajen 90,000 na wannan tsuntsu a Delaware. A 2021 ƙidayar ba ta kai 7,000 ba. Gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana a ƙarshen 2014. Akwai wasu dalilan, kamar sauyin yanayi a inda yake sheƙa da gine-gine a gaɓar teku, amma ba wanda ya kai yunwar Delaware fitowa fili. Halittar da ke shekara 10 kafin ta haihu, a ce matan masu ƙwai ake zaɓa ana sarewa a daidai daren da suka fito haihuwa, wannan ko ba a je makaranta ba an san ƙarshensa. Masuntanmu ma sun san haka: a Argungu ba a shiga Matan Fada da koma sai ranar da aka buɗe ruwa, kuma ba wanda ya ɗauki hakan zalunci.

Hukumar da ke kula da kamun kifi a jihohin gabar Atlantika ta fito da tsari a 1998, a 2000 kuma aka yanka wa kowace jiha kaso. A 2001 aka keɓe wani yanki na teku a bakin mashigin Delaware da ba a kama kaguwar a cikinsa, aka sa masa sunan Carl Shuster, masanin da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta. Daga 2013 aka daina barin kama mata 'yan asalin Delaware don ƙoto, sai maza kaɗai. Duk wannan daidai ne.

Sai dai akwai wani mai kama kaguwar da dokokin nan suka raɓa ta gefensa suka wuce. Jinin wannan halitta shuɗi ne, saboda tagulla ce a cikinsa a maimakon ƙarfen da ke sa namu ja. A shekarun 1950 wani likita na jami'ar Johns Hopkins, Frederik Bang, yana bincike a Woods Hole, wani gari na bakin teku a jihar Massachusetts, ya lura jinin yana daskarewa da zarar ya haɗu da wasu ƙwayoyin cuta. Shi da abokin aikinsa Jack Levin suka gano cewa gubar da ke jikin ƙwayoyin ce ke jawo haka, guba ce kuma da ba ta mutuwa ko an tafasa ruwa an kashe ƙwayoyin, wadda idan ta shiga jijiyar mutum sai zazzaɓi mai zafi, wani lokaci har rai ya yi halinsa. Daga nan aka samo gwajin da ake kira LAL, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1977. Kafin shi zomaye ake yi wa allura a zauna ana auna zafin jikinsu. Tun daga lokacin, kusan duk abin da zai shiga jinin ɗan Adam ta allura sai an gwada shi da wannan jini ko na 'yan uwanta na Asiya: allurar rigakafi, ruwan ƙarin ruwa, insulin na masu ciwon suga, har ƙarfen da ake sa wa mai karaya.

A nan maganar ta iso ƙofar gidanmu. Uwar da ta kai jaririnta rigakafi a Gusau ko Maraɗi, da dattijon da ke kwance ana ƙara masa ruwa a Kumasi, duk suna cin moriyar wannan gwaji ba tare da sun taɓa jin labarinsa ba. Ni kaina na zauna a gefen gadon ɗana ina kallon ruwa yana ɗiga daga leda zuwa hannunsa, ina ƙirga ɗigon, ban taɓa tunanin wani ya tabbatar babu guba a cikin ledar ba, balle in tambayi da me ya tabbatar. Don haka ba na cikin masu raina wannan aiki. Ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu.

Amma a duba yadda ake samun jinin. Ana kwaso kaguwar da jirgi ko da hannu, a loda ta a mota zuwa ɗakin aiki, a wanke ta, a kankare abin da ya manne a bayanta. Sai a lanƙwasa ta a mahaɗar ƙoƙon bayanta, a ɗaure ta a jere da 'yan uwanta a kan wani dogon ƙarfe, a soka allura a fatar da ke saman zuciyarta. Ƙarƙashin kowace akwai kwalba, shuɗin jini na zuba a ciki. Ana ɗibar kusan kashi 30 cikin 100 na jininta, sannan a mayar da ita ruwa. Hukumar kamun kifin tana lissafin cewa kashi 15 cikin 100 suna mutuwa, wasu binciken kuma sun sami adadin da ya kai ninkin haka. Waɗanda suka rayu ma an ga suna yin sanyi, matan suna rage fitowa gaɓa. A 2021 an zuƙi jinin sama da 700,000, kuma adadin ya ci gaba da hawa bayan nan. Dokar New Jersey da ta hana masunci ta bar wa masu jini ƙofa a buɗe. A South Carolina su kaɗai ke da izinin kamawa. Mata masu ƙwai da aka hana mai tarko taɓawa a Delaware, mai allura yana iya ɗaukarsu, kuma ya fi son su ma, tunda sun fi girma sun fi jini. Lissafin abin da kowane kamfani ya kama a kowace jiha kuwa ba a bayyana wa jama'a, ana ce masa sirrin kasuwanci, alhali masunci dole ya rubuta abin da ya sauke.

Za a ce ai bambancin a fili yake: masunci yana kashe duk wadda ya kama, mai jini yana sakin mafi yawa, kuma ɗaya abincin 'yan gayu yake nema, ɗaya rai yake ceta. Da babu wata hanyar gwajin, da na karɓi wannan hujja na yi shiru. To akwai. A shekarun 1990 wasu masana biyu a Jami'ar Ƙasa ta Singafo, Ding Jeak Ling da mijinta Ho Bow, suka kwafi sinadarin da ke cikin jinin wanda ke gane gubar, suka iya haɗa shi a ɗakin bincike ba tare da an taɓa kaguwa ko ɗaya ba. Ana kiransa rFC, kuma yana kasuwa tun 2003. Kamfanin Eli Lilly ya fara komawa kansa a 2016, a 2018 kuma aka amince da maganinsa na ciwon ɓarin kai wanda da rFC aka gwada shi. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya karɓe shi daga farkon 2021. Na Amurka ya ja ƙafa, ya janye a 2020, sai a 2024 ya amince, ƙa'idar ta fara aiki a watan Mayun 2025. Shekara 20 da 'yan kai ke nan abin da zai maye gurbin jinin yana kasuwa. Na yarda taka-tsantsan a harkar magani wajibi ne, ba a sauya gwajin da rayuka suka rataya a kansa da garaje. Amma an ba kamfanoni shekara 20 su yi nazari, masunci kuwa kaka ɗaya aka ba shi ya nemi wani ƙoton. Wannan bambanci ba ilimin kimiyya ne ya kawo shi ba. Wanda ke da lauyoyi da masu kai-komo a majalisa shi ake jira ya shirya.

Shi masuncin da ake magana ba attajiri ba ne. Galibi mutum ne da ƙaramin jirgi da tarkuna 'yan ɗaruruwa, yana haɗa wannan da wasu kamun don shekara ta zagayo. Da New Jersey ta rufe, kuɗin ƙoto ya tashi, kamun ya koma jihohin maƙwabta. Abin da ya fi muni, dillalai suka fara shigo da daskararrun kaguwar kofato daga Asiya a wajen 2011, inda nasu suka fi na Amurka shiga haɗari, har sai da hukumar kamun kifin ta roƙi jihohi a 2013 su hana shigo da su. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan. Hani da ba a tanadar wa mutum mafita ba, ɓarnar kawai yake tura wa wata gaɓar.

Mafitar kuma ba a rasa ta ba, an dai ƙi ba ta ƙarfi. An gwada wata 'yar jakar raga da ake sa ƙoton a ciki a rataye cikin tarko, don kada ƙananan kifaye su cinye shi, aka ga masu dodon koɗi suna iya rage abin da suke amfani da shi da rabi. A jami'ar Delaware an yi shekaru ana haɗa ƙoton da ɗan yankin kaguwa kaɗan ke isa a cakuɗa shi da wasu abubuwa. Akwai koriyar kaguwar Turai da ta mamaye gabar Amurka tana ɓarna, wadda kowa zai yi murna a rage ta, ita ma ana gwada ta. A Massachusetts har tsari aka yi na a fara zuƙar jinin kaguwar da aka kama don ƙoto kafin a sayar wa masunta, don rai ɗaya ya biya bukata biyu. Masunta na cewa duk waɗannan ba su kai asalin ba, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba, su ne ke ɗaga tarko da asuba su ga abin da ya shiga. Abin da nake cewa shi ne, kamfanonin da suka shekara 40 suna samun riba daga jinin nan su ne ya kamata a ɗora wa kuɗin binciken ƙoton da zai maye gurbin kaguwar da na tallafa wa masuncin da aka raba da abincinsa. Wanda ya fi cin moriyar dabba shi ya fi cancanta ya biya kuɗin kiwonta. A faɗa wa masunci gaskiya kuma: shi kansa il ɗin da yake kamawa ya shiga jerin halittun da ke cikin haɗari tun 2014, don haka ko an bar masa ƙoton, sana'ar ba za ta ɗore a yadda take ba.

Abin da nake so in gani bai da wuya a faɗa. A hana yin ƙoto da kaguwar kofato a duk gabar, a ba masunta wa'adi da tallafi na gaske. A rana ɗaya, cikin doka ɗaya, a sa wa zuƙar jini wa'adinta ita ma, a hana taɓa mata a watannin ƙwai tun yanzu, a kuma buɗe lissafin kamfanoni kowa ya gani. Idan akwai wani magani da har yanzu sai da jinin za a iya gwada shi, a kawo hujja a ba shi izini na musamman, amma kada a bar al'ada da gudun kashe kuɗin sauyi su fake a bayan sunan ceton rai.

Mu ma muna da bakin magana, ko da ƙarami ne. Yawancin allurai da magungunan da ke shigowa Najeriya da Nijar daga Indiya da Sin suke, kuma a can Asiya jinin irin kaguwarsu ake amfani da shi a wurare da yawa, musamman a Sin, inda babbar cikinsu ta shiga jerin masu haɗarin ƙarewa a 2019. Idan wannan halitta ta yi ƙaranci gwajin zai yi tsada, kuma an san ƙasashen da ake fara yanke wa kaya idan abu ya yi tsada, mun gani a lokacin korona. Saboda haka komawa gwajin da ake haɗawa a ɗakin bincike maslaharmu ce kafin ta zama ta tsuntsu. Ya dace NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da takwarorinta na yankinmu su fito fili su ce sun karɓi rFC, don kamfanonin da ke haɗa ruwan ƙarin ruwa da allurai a gida su san ba za a ƙi kayansu ba idan sun koma kansa. Manyan masu sayen rigakafi a madadinmu, irin su UNICEF da Gavi, su ma su riƙa tambayar masu sayar musu da wane gwaji aka yi, su fifita wanda bai zubar da jini ba idan inganci ya zo ɗaya. Sababbin masana'antun rigakafin da ake kafawa a Afirka, a Senegal da Ruwanda da sauransu, ba su da tsohon tsarin da za su ce sauya shi zai ci kuɗi, suna iya farawa da sabon gwajin tun ranar farko.